Wata shida da tiyatar gwiwa, koci na so ta koma dira: in bari ko in hana?

Maman Amira:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karatu a zauren nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai tura ta kai bango. 'Yata shekararta 15, tun tana 'yar shekara 6 take wasan alkafura, yanzu tana cikin yaran da ake sa wa ido a matakin ƙasa. Wata shida ke nan da ta diro daga tsallen teburi, ƙafar dama ta kafe a katifa alhali jiki bai gama juyawa ba. Da bakinta ta ce ta ji ƙarar tsinkewar abu. Jijiyar tsakiyar gwiwa ce, wadda likitoci ke ce wa ACL. An yi tiyata, alhamdulillahi an dace. Tana tafiya lafiya lau, tana ɗan gudu, ta koma lilo a kan sanduna amma ba ta dirowa, sauke ta ake yi.

Nan da wata uku akwai gasar zaɓen 'yan wasa. Kocinta ya ce in har za ta shiga, dole ta fara dira a ƙasa mai tauri daga makon gobe. Likitan da ya yi aikin ya ce kada a yi zancen dira mai ƙarfi sai an cika wata tara, kuma ko a lokacin sai ya gwada ƙafar. Ita kuwa kullum kuka, wai baɗi za ta cika 16, shekarar shiga sahun manya, in ta rasa wannan zaɓen an wuce ta ke nan. Ni ce a tsakiya. Don Allah wanda ya san abin nan ya faɗa min gaskiya, ko da ba za ta yi min daɗi ba.

Ɗan Baba:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya ƙara mata lafiya. Ni dai ina ganin kada a kashe wa yarinya gwiwa, tunda ita ce ke jin jikinta. Likitoci kullum lissafinsu na mutanen gari ne, ba na ƙwararrun 'yan wasa ba. Ki duba Artur Dalaloyan na Rasha. A watan Afrilun 2021 agararsa ta tsinke aka yi masa tiyata, a watan Yuli yana Olamfik ɗin Tokyo yana yin wasannin alkafura na maza shida cur, kuma suka ɗauki zinaren ƙungiya, suka doke Japan da tazarar maki 0.103 kacal. Da ya bi lissafin kwanaki da a talabijin zai kalli gasar.

Mai Gashin Ƙashi:
Hajiya sannu da ɗawainiya. Aikina ke nan, mayar da masu rauni kan ƙafafunsu bayan tiyata, don haka bari in ɗan tsawaita.

Malam Ɗan Baba, agara daban, jijiyar tsakiyar gwiwa daban. Agara ɗinke ta ake yi. ACL kuwa galibi ba ɗinki ba ne, sabuwa ake dasawa. Ana yanko wani yanki daga jijiyar bayan cinya ko ta ƙasan ƙoƙon gwiwa, a huda ƙashi sama da ƙasa, a zura ta a ɗaure. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, dashen nan ba ya ta ƙara ƙarfi ne kai tsaye daga ranar tiyata. Sai ya fara yin rauni tukuna, jini ya ratsa shi, jiki ya saƙa shi sabo a hankali, kuma saƙar tana wuce shekara ba ta kammala ba. Haɗarin yana nan ne: ciwo yana tafiya tun kafin ƙarfi ya zo. Yarinya za ta ce miki garau take, kuma ba ƙarya take yi ba, ba ta jin komai. Amma gwiwar ba ta shirya ba.

Sannan tsohuwar jijiyar ba igiya ce kawai ba. Akwai ƙananan jijiyoyin saƙo a cikinta da ke sanar da ƙwaƙwalwa inda gwiwa take ba tare da an duba ba. Da ta tsinke, an rasa wannan. Sai an sake koya wa ƙafa da atisayen tsayuwa a ƙafa ɗaya, da tsalle ƙanana, sau ɗaruruwa. Mai alkafura tana dirowa da nauyin da ya ninka na jikinta sau da yawa, cikin ƙiftawar ido, wani lokaci ba ta ma ga ƙasa ba sai da ta taka.

Mu a wurinmu kalanda ba ta sallamar mutum, gwaji ne ke sallamarsa. Ana auna ƙarfin tsokar cinyar da aka yi wa aiki da ta lafiyayyar ƙafa, ana so ta kai aƙalla kashi 90 cikin 100. Ana sa ta tsalle da ƙafa ɗaya a auna nisa, a kalli yadda take dira, ko gwiwa na faɗawa ciki. A duba ko tana kumbura bayan atisaye. Wata taran da likitanku ya faɗa mafi ƙaranci ne, ba alƙawari ba. Kuma 'yan mata masu ƙananan shekaru da suka koma wasan juyi da dira su ne suka fi kowa haɗarin sake tsinkewa, ko a ƙafar da aka gyara ko a ɗayar.

Ɗan Baba:
Na ji likita, amma ai gasar ma a wata na tara za ta faɗo. Shida da uku tara.

Mai Gashin Ƙashi:
Ranar gasa ce ta faɗo a wata na tara. Dirar da za ta kai ta ranar gasa kuwa a wata na shida da na bakwai da na takwas za a yi ta, kullum, sau da dama. Abin da kocin ke nema ke nan, kuma shi likitan ya hana.

Kawu Sale:
'Yata Maman Amira, ni dattijo ne, na fara bin wasan nan tun ana ba da maki 10 cif. Duk lokacin da na ji an ce gasa ta matso a gaggauta, suna ɗaya ne ke faɗo min: Elena Mukhina.

Yarinyar Tarayyar Sobiyet ce, ita ta zama zakarar duniya a 1978 a Strasbourg. A 1979 ta karye a ƙafa. Gasar Olamfik ta 1980 kuma a Mosko za a yi, a gida, ba a son a rasa ta. Aka cire mata filasta ƙashi bai gama haɗewa ba, aka mayar da ita atisaye, aka dawo aka sake yi mata aiki. Ga ƙafa ba ƙarfi, ga gajiya, ga matsin rage nauyi, kuma aka ɗora mata wata alkafura mai haɗari da ake kira Thomas, wadda ake ƙarasawa da mirginawa ta ka maimakon dira da ƙafa. Tana bukatar tsayi sosai a sama, tsayin kuwa daga ƙafa yake fitowa. Ranar 3 ga Yulin 1980 a Minsk, saura mako biyu a buɗe gasar, ta gaza kai tsayin, ta sauka a kan haɓa, wuyanta ya karye. Tana da shekara 20. Daga wuya zuwa ƙasa ba ta sake motsi ba har ta rasu a 2006 tana da shekara 46.

Abin da nake so ki lura da shi, ba a ƙafar da ta karye aka yi asarar ba. Ƙafar da ba ta warke ba ce ta jawo abin da ya fi ta muni. A wasan nan gwiwa mai rauni ba gwiwa kaɗai take sa wa a haɗari ba.

Ɗan Baba:
Kawu, Allah Ya ja kwana, labarin nan ya taɓa ni. Amma wancan zamani ne da ɗan wasa ba shi da bakin magana, kayan aiki ma ba irin na yanzu ba ne. An ma haramta irin wannan alkafurar. Bai kamata mu tsorata uwa da abin da ya faru shekara arba'in da wani abu ba.

Ummita:
Yaya Ɗan Baba, kayan aiki sun canza, jijiya ba ta canza ba. A gasar zaɓen 'yan wasan Amurka ta 2024 a Minneapolis, cikin 'yan kwanaki Skye Blakely da Kayla DiCello agararsu ta tsinke, Shilese Jones kuma gwiwa. Ƙasar da ta fi kowa likitoci da kayan aiki ke nan. Makonnin zaɓe su ne lokacin da ake ƙure jiki.

Ni ma na yi wasan nan har na kai shekara 17, kuma irin wannan tiyatar aka yi min. Anti Maman Amira, zan faɗa miki abin da 'yarki ba za ta faɗa miki ba. Mu tun muna yara ake koya mana cewa mai kukan ciwo raguwa ce. Na koma dira a wata na bakwai. Kullum da daddare gwiwata na kumbura, in sa ƙanƙara a ɓoye, da safe in ɗaure ta da bandeji in ce lafiya lau. Ba wanda ya tilasta ni da baki, amma na san in na ce akwai ciwo wata za a sa a gurbina. Ban sani ba ashe duk dirar da nake yi a ƙafar hagu nake sauke nauyi, ina kare ta daman. Wata biyu da komawata ta hagun ta tsinke. Daga nan ban sake shiga gasa ba. Har yau in na tuna sai in ji da ma a ce wani babba ya tsaya ya ce a'a, ya bar ni in yi fushin in gama.

Maman Amira:
Innalillahi. Ummita, Allah Ya musanya miki da mafi alheri. Wallahi jikina ya yi sanyi, don shekaranjiya na ga jakar ƙanƙara a ɗakinta, na tambaya ta ce zafin gari take ji kawai.

Koci Tanimu:
Ku ba ni dama in ce wani abu a madadin masu horarwa, don na ga an fara yi mana kallon marasa tausayi. Ban san kocin 'yarki ba Hajiya, kuma ban goyi bayan dira a wata na shida ba. Amma na san abin da yake tsoro. Yarinya 'yar 15 jikinta canzawa yake. In ta yi wata tara ba ta juyi a sama, za ta dawo ta tarar ta ƙara tsawo, nauyi ya sauya wurin zama, lokacin buɗe jiki a alkafura ya goce. Abin da ta shekara biyar tana yi ido rufe sai ya zama baƙo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma yara da yawa a nan suke barin wasan, ba a gadon asibiti ba.

Sai dai maganin wannan ba ƙasa mai tauri ba ce. Komawa atisaye hawa-hawa ne. Ana fara juyi a cikin ramin soso, inda za ta faɗa ba tare da gwiwa ta ɗauki komai ba. Ana ɗaura mata bel da igiya a kan ragar tsalle, koci na riƙe da ita. Daga nan katifa mai laushi a saman ramin, sai mai ɗan tauri, sai a ƙarshe dandamalin gasa. Siririn katakon da suke tafiya a kai faɗinsa santimita 10 ne, tsayinsa daga ƙasa santimita 125, to ba a can ake komawa ba, a layin da aka zana a ƙasa ake farawa, sai ƙaramin katako. Kowane mataki likita da mai gashi su sa hannu kafin a hau na gaba. Kuma a lura da sauran jiki: kantar tafin hannu ta tafi, wuyan hannu da kafaɗa da baya sun huta, in aka dawo musu da cikakken aiki dare ɗaya sai a gyara gwiwa a ɓata kafaɗa.

Amma kuma kada mu ce duk abin da likita ya faɗa ya zauna. Kaylia Nemour a Faransa aka haife ta, a can ta tashi. A 2021 aka yi mata tiyata a gwiwoyi biyu. Likitan da ke duba ta ya ce ta warke, likitan hukumar wasan ta Faransa ya ƙi sallamarta, aka yi ta ja-in-ja. Ƙarshe ta koma yi wa Aljeriya, ƙasar mahaifinta, wasa. A Faris a 2024 ta ci zinare a sanduna da maki 15.700, lambar Olamfik ta farko da wata ƙasar Afirka ta taɓa samu a wasan alkafura. Da ta zauna jiran sa hannun nan fa?

Mai Gashin Ƙashi:
Koci, na yarda da kusan duk abin da ka faɗa, musamman ramin soso. Hana dira ba hana atisaye ba ne, kuma yarinyar da aka zaunar a gida tana kallon bango ita ma cutarwa ce. Amma misalin Nemour yana gefenmu ne. A can, wanda ya san gwiwar ciki da bai shi ya ce ta koma. A nan, wanda ya buɗe gwiwar da hannunsa shi ke cewa a dakata. In Hajiya na shakkar maganarsa, ta nemi likitan ƙashi na biyu da ya saba da 'yan wasa, wannan haƙƙinta ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wanda ke da buƙatar yarinya a gasa ya zama shi ne alƙalin warkewarta.

Anti Larai:
Ni abin da ya tsaya min a rai kalmar yarinyar ce, wai an wuce ta ke nan. Wa ya faɗa mata haka? Maman Amira, ki zaunar da ita ki ba ta labarin Rebeca Andrade ta Brazil. Wannan jijiyar dai, a gwiwar dama, sau uku tana tsinkewa: 2015 tana 'yar shekara 16, sai 2017, sai 2019. Ta ukun ta zo saura shekara ɗaya Olamfik ɗin Tokyo. Annobar korona ta sa aka ɗage gasar zuwa 2021, ita kuma ta samu shekara guda ta ƙarin warkewa da ba ta cikin lissafin kowa. Ta je ta ci azurfa a gasar gabaɗaya, wadda ake haɗa makin dukkan wasanni, ta ci zinare a tsallen teburi. A gasar duniya ta wannan shekarar ba ta yi wasan dandamali, wato alkafurar ƙasa, ba don ta tattala gwiwar. A 2022 a Liverpool ta zama zakarar duniya. A Faris tana da shekara 25 ta doke Simone Biles ta Amurka a dandamali, kuma yanzu lambobinta na Olamfik shida ne, babu ɗan Brazil mace ko namiji da ya kai ta.

Zamanin da ake cewa mace ta gama a shekara 18 ya wuce. Biles shekararta 27 a Faris. Vanessa Ferrari ta Italiya agararta ta tsinke ana tsakiyar wasan ƙarshe a gasar duniya ta 2017, ta dawo ta ci azurfa a Tokyo tana da shekara 30. 'Yar shekara 15 ta ce an wuce ta?

Ɗan Baba:
Anti, ai Andrade hujjata ce. Sau uku tana faɗuwa tana tashi, ba ta ji tsoro ba. Haka Kerri Strug ta Amurka a Olamfik ɗin Atlanta a 1996, ta yi tsallen teburi na biyu da rauni a idon sawu, ta tsaya, Amurka ta ci zinare. Wasan nan na masu zuciya ne.

Anti Larai:
Zuciyar Andrade a haƙurin jinya ta nuna ta, ƙanena, ba a gaggawa ba. Strug kuwa, da aka gama lissafi an gano ko ba ta yi tsallen ba Amurka ce da zinare. Ɗaukarta aka yi zuwa wurin karɓar lamba, kuma ba ta iya shiga wasannin ɗaiɗaiku da ta cancanta ba. Shekararta 18, manya na gefe suna mata ihun za ki iya. Ni idan na kalli hoton nan ba jarumta nake fara gani ba, manyan nake kallo.

Kawu Sale:
Akwai kuma ciwon da hoton asibiti ba ya nunawa. Biles a Tokyo ƙashinta lafiya, tsokarta lafiya, amma tana sama sai ta rasa ina ne sama ina ne ƙasa. Ta janye daga wasan ƙungiya, duniya ta yi mata ca. Ta yi shekara biyu ba ta gasa, ta dawo a 2023, a 2024 ta kwashi zinare uku. Wanda ya taɓa jin ƙarar tsinkewar jijiyarsa yana ɗauke da wannan ƙarar a ka. Mai shakka a tsakiyar alkafura yakan buɗe jiki kafin lokaci, kuma rabin alkafura ya fi cikakkiya haɗari. A tambayi yarinyar ko tana iya kallon teburin nan ba gabanta ya faɗi.

Ummita:
Kawu ya taɓo inda yake. Anti, kada ki tambaye ta a gaban koci, kada kuma ki tambaye ta ko tana jin ciwo, za ta ce a'a. Ki ce mata ta nuna miki gwiwoyin biyu da daddare bayan atisaye, ki gwada su da idonki. Kuma ki ɗauki bidiyonta daga gaba tana dirowa daga ƙaramin akwati, ki kai wa mai gashinta. Ƙafar da take gudu za ta nuna kanta.

Koci Tanimu:
Ƙari ɗaya Hajiya. Hukumomi da dama suna da tsarin takardar uzuri ga mai rauni, a ajiye mata gurbi a sansanin horo ko a duba ta daga baya. Ki tambaya a rubuce. Kuma ki nemi a zauna ku huɗu a ɗaki ɗaya, ke da likita da mai gashi da koci. Yawancin rigimar nan tana tasowa ne saboda yarinya ce ke kai saƙo tsakaninsu, kowa ta faɗa masa rabin da yake son ji.

Maman Amira:
Na dawo. Jiya da daddare na yi yadda Ummita ta ce. Ta dama ta fi ta hagu kumburi, ba sai an auna ba. Da na yi shiru ina kallo sai ta fashe da kuka, ta ce mako biyu ke nan tana gwada ƙananan dira in koci ya juya baya, don ta nuna masa ta shirya. Ta kuma ce har yanzu in ta tsaya a bakin layin gudu na teburi sai ta ji ƙafafunta sun yi sanyi. Ban yi mata faɗa ba. Na ce mata ba za ta shiga zaɓen bana ba, kuma ni na yanke, ta ɗora laifin a kaina. Ba ta yi min magana ba tun safe.

Na kira likitan, ya ce in kawo ta jibi a duba kumburin. Kocin ya amince da zaman mu huɗu, ko da yake na ji a muryarsa bai ji daɗi ba. Malam Mai Gashin Ƙashi, kafin jibin, ta ci gaba da lilon sanduna ko a tsayar da komai?

Mai Gashin Ƙashi:
A tsayar da gudu da duk wani tsalle har likita ya gani. Ta ɗaga ƙafar in tana zaune, ta sa ƙanƙara a fili ba a ɓoye ba. Atisayen ciki da na hannu a zaune ko a kwance babu laifi. Sanduna kuwa a bari tukuna, don ko sauke ta ake yi hannu na iya zamewa ta diro ba shiri. Ki faɗa wa likitan zancen dirar da ta yi a ɓoye da yawan kwanakin, kada ki rage komai, kuma ki tambaye shi ko gwiwar ta taɓa maƙalewa ko ta yi kamar za ta zame, ya tambaye ta da kansa. In da hali ki bar ta ta je zauren atisayen gobe ko da zama ne, ta ga ƙawayenta.